Ranar da Na Buɗe Fuskar Surukina

Har yau akwai gidajen da in na shiga suna ko biki, sai mata su taɓa juna da gwiwar hannu, wata ta ce ƙasa-ƙasa, "Ga ta nan, wadda ta janye wa mijin ɗiyarta rawani." Ina jin su sarai, kunnena bai mutu ba. Ni ce. Da hannun dama na yi, da rana tsaka, gaban maza sun fi goma. Kuma in aka maida ni wannan rana, abu guda kawai zan sake: ba zan tsaya jira har azahar ba, tun da hantsi zan yi.

Sana'ata saida abinci a tashar Dakoro, shinkafa da wake da safe, tuwo da rana. Na fara tun ɗiyata ta fari tana goye. Lekol aji huɗu na yi aka cire ni, sai karatun manya da na shiga daga baya, shi ne ya ba ni hannun rubuta wannan. Ni ba likita ba ce, ban taɓa ce wa kowa ni ce ba. Amma macen da ta shekara da shekaru tana zuba wa matafiya abinci, tana kallon yadda suke saukowa daga mota, in dai ba makauniya ba ce, dole ta koyi wani abu.

Abin da na koya shi ne, gajiyar hanya daban, masassara daban, ko da yake mutanenmu suna ɗaure su a tsumma guda. Mai gajiya da surutu yake saukowa. Ya zagi direba, ya zagi hanya, ya nemi inuwa, ya wanke fuska, ya ci kwano guda ya ce a ƙaro miya. Wanda palu ya kama kuwa, wato masassarar nan ta cizon sauro, shiru yake saukowa, yana taka ƙasa kamar ba tashi ba. Kowa na gudun rana, shi ita yake nema. Zai sayi abinci don ya ga ana saye, ya kai loma guda, warin mai ya tada mashi zuciya, ya ture kwano. Ruwa kawai yake so. Ya dafe goshi, ya runtse ido, ka ce mashi sannu sai ya ɗan jima kafin ya gane da shi kake. In ka dubi hannun da ya riƙe moɗa, ruwan ciki yana rawa. Abin da ke ruɗin mutane kuma, bayan an jima sai gumi ya karyo mashi, jiki ya yi sanyi, ya tashi ya ce ai ya warke. Bai warke ba, ciwon ne ya koma ciki ya huta.

Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne 'yan arewa. Ba baƙi ba, namu na gida, waɗanda suka tafi neman abinci can cikin rairayi, Arlit ko gaba da nan, suka shekara biyar ko shida inda sauro bai da wurin zama. Mu da ke nan, sauro na cizonmu kowace damina, jiki ya ɗan saba, mukan kwanta mu tashi. Su kuwa sabon ya bar jikinsu ba su sani ba. Sai su dawo da damina, su kwana waje don sun yi marmarin iskar gida, a yi kwana goma ko sati biyu, ciwo ya faɗo masu kamar yadda yake faɗa wa yaron goye. Wannan ba a littafi na karanta shi ba, a kan yayana na koye shi.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ni nake bi mashi. Ya yi shekara bakwai a arewa yana aikin gini, ya dawo wata damina ina amarya. Ya zo da atamfa har uku, ɗaya tawa. Sati biyu da zuwanshi ya kwanta. Manya suka ce canjin ruwa ne, ruwan gida bai gama karɓar shi ba. Wasu suka ce tumu ya ci da yawa. Aka dafa ganyen bedi, wato dogon yaro, aka yi mashi surace, aka ba shi jiƙo. Na ga idonshi ya yi rawaya, na ga fitsarin da ya yi a kasko ya yi duhu kamar shayin da aka manta a wuta, raina ya ba ni wannan ya wuce canjin ruwa. Na buɗe baki gaban baffanninmu, aka ce, "Ke, ƙato kamar wannan za a kwasa zuwa likita don masassara? Ai abin yara ne." Na rufe bakina, don ni yarinya ce mai ladabi, kowa na yabona. Ranar ta huɗu ya daina gane mu. Ta biyar aka kai shi makwanci. Atamfar tana nan cikin akwatina, ban ɗinka ba. Kuma tun daga ranar na daina son a yabe ni da ladabi.

To, ga yadda ta surukina ta kasance.

Danginshi mutanen raƙuma ne a da, fari ya koro kakanninsu suka zauna wajen Korahane, suna noma suna kiwo. Mazansu ba su barin fuska a buɗe. Rawani ne har bisa gira, da amawali, ɓangaren nan da ke rufe baki da hanci, ido kaɗai ake gani. Gaban surukai kuwa har idon ma sai an sunkuyar. Mu ma ba baya ba ne wajen kunyar surukuta. Shekara uku yana auren ɗiyata ban taɓa faɗin sunanshi ba, bai taɓa cin abinci inda nake ba, ban taɓa zama tabarma guda da shi ba. In muka yi kiciɓis a hanya, ɗayanmu ya ratse. Da za a jera mani maza biyar babu rawani a ce in nuna shi, wallahi sai dai in duba ƙafafu, don su na sani. Ina son abina haka, yaro ne mai hankali, bai taɓa sa ɗiyata kuka ba.

Aikinshi na can arewa, yana bin kamiyo, manyan motocin nan na kaya, tun kafin auren, shekara shida ke nan yana can. Yakan leƙo gida da rani ya koma. Wannan karon ɗiyata ta zo gabana haihuwar fari, cikin ya faɗo tsakiyar damina, gero ya fitar da kai, ko wane rami ya zama tabki. Shi kuma ya sauko da wuri, ya zauna gidan ubanshi wajen sati biyu yana taya su noma yana jiran labari. Gidan nasu bakin tabki yake. Ɗiyata ta sauka lafiya, namiji. Ana gobe suna, da hantsi, sai ga su da rago, shi da baffanshi, ƙanen ubanshi, wanda shi ne babba a tafiyar, da abokai.

Surukina ya shigo gaishe ni yadda aka saba. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya tsuguna can nesa bakin turmi, ni kuma na ba shi gefe ina tsince wake, idona a faifai.

"Ina kwana, Inna."

"Lafiya lau. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ina gajiya? Yaya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

"An sauka lafiya? Allah shi raya."

Na amsa da amin. Nan ya kamata ya miƙe ya fita. Sai ya sake cewa, "Ina kwana, Inna." Na amsa, na ce ko bai ji ba ne. Ya bi gaisuwar tun daga farko har ƙarshe, ya kuma ɗauko ta karo na uku. Wata maƙwabciyata da ke taya ni aiki ta toshe baki tana dariya, wai kunyar ɗan fari ce ta ruɗa angon ƙarni. Ni ban yi dariya ba. Na saci kallon abin da al'ada ta yarda in gani, wato hannu da ƙafa. Hannun da ya dafa ƙasa da shi yana rawa. Kuma rigar sanyi ce a jikinshi bisa babbar riga, a ranar da mu ke fifita da murfin kwano.

Ku duba yadda abin ya zo a karkace. Duk alamar da nake gane mai palu da ita a tasha, a nan gidan sunanta ladabi. Mai palu ba ya cin abinci, to suruki ma ba ya ci gidan surukai. Mai palu ba ya son magana, suruki ma haka. Mai palu yana sunkuyar da kai yana ɓoye ido, suruki kuwa in bai yi haka ba sai a ce bai da tarbiyya. Ga shi uban ɗan fari, wanda dama ana so ya ɓuya, ya yi kamar ba shi ya haifa ba. Na aika masu da tuwo da miyar kuka da nama, kwanon kowa ya dawo a suɗe, nashi ya dawo ko yatsa ba a sa ba. Mata suka yi ta sa mashi albarka, wai irin wannan kunya ta yi wuya a yaran yanzu. Tulun ruwan da na aika kuwa, aka ce shi kaɗai ya kusa shanye shi.

Na leƙa ta zaure. Maza duk suna ƙarƙashin bedin ƙofar gida suna shayi. Shi yana can jikin katanga inda rana ta fi dukan ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa. Na zaga bayan gida zubar da ruwan wanki, wajen turken awaki na tarar da amai, rawaya, an ɗan tura ƙasa an rufe. Na shiga ɗakin mai jego na tsare ɗiyata da ido.

"Ke, mijinki lafiya yake?"

Ta sunkuyar da kai, ita ma ga tata kunyar, ba a zancen miji gaban uwa. Na ce mata ba wasa na shigo ba. Sai ta ce a hankali, kwana huɗu ke nan in sun yi waya yana ce mata kanshi kamar zai tsage, da yamma ya yi ta rawar ɗari, da safe ya ce ya ji sauƙi. Ya sayi parasetamol a tebur yana sha. Ya hana ta faɗa wa kowa, kada a ce ya zo suna da raki.

Na aika aka kira mani maigidana. Mutum ne mai sanyi, shekara talatin muna tare bai taɓa ɗaga mani murya ba, amma yana tsoron abin da mutane za su ce fiye da yadda yake tsoron maciji. Na ce mashi yaron nan palu ne a jikinshi, kuma ba ƙarami ba, a kai shi likita yanzu.

"Ke da ganin palu a jikin kowa," in ji shi. "Nan ba tasha ba ce. Baƙi ne, da babbansu. Ni zan je in ce masu ɗansu bai da lafiya, su ba su gani ba?"

"Kai za ka je."

Ya je, don ya san ni. Ya dawo da amsar baffan: an gode, an kuma ga kulawa, amma canjin ruwa ne da nonon damina da ya sha, an ba shi jiƙo tun a gida, in an watse suna gobe sai a duba. Baffan ya ƙara da cewa ai ɗansu namiji ne, zai jure.

Canjin ruwa. Na ji maganar nan ta dake ni a ƙirji, don kalma guda ba su sake ba daga abin da aka faɗa a kan yayana. Duk da haka na koma bakin murhu. Wannan ita ce komawar da ban yafe wa kaina ba. Na ce bari in ba su girmansu, wataƙila idona ne ya yi yawa, wataƙila zuwa an jima ɗayansu ya lura. Na tuƙa tuwo tukunya biyu hannuna na yi, hankalina na ƙofar gida.

Da aka kira azahar na sake leƙawa. Maza suka tashi alwala, suka jera sahu nan ƙarƙashin itace. Shi ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki buta, ya yi taku uku, ya tsaya yana kallon butar kamar bai san abin da ake yi da ita ba. Sannan ya sulale ya zauna cikin rana. Wani abokinshi ya ce, "Bar shi ya huta, ya rama daga baya." Suka tada salla. Na tsaya cikin zaure har suka sallame, wannan kam na Allah ne. Suna shafa fatiha na fito, da zanen aiki, hannuna duk gari.

Mace ba ta ratsa tabarmar maza, balle ta baƙi, balle ta surukai. Na ratsa. Na ji maigidana yana cewa, "Ke, ke, ina za ki?" Ban waiga ba. Na durƙusa gaban yaron nan, kusa da shi yadda ban taɓa yi ba, na kai hannu na kama amawalin na ja ƙasa. Rawanin ya warware ya zubo bisa kafaɗa.

Ranar na fara ganin fuskar mijin ɗiyata. Ashe yaro ne ƙarami, da ɗan tabo a haɓa. Leɓenshi ya bushe ya tsattsage. Na ɗora tafin hannu a goshinshi, zafi kamar gindin tukunya. Na sa yatsa na ja fatar idonshi ƙasa, cikin ya yi fari fat ba jini, farin idon kuma ya yi rawaya. Abin da ya fi tsinka mani zuciya shi ne bai hana ni ba. Mutumin da ke ratse hanya in ya hango ni, ga shi na tsiraita mashi fuska gaban jama'a, ko motsi bai yi ba.

"Ka san ni?" na ce.

Ya dube ni ido cikin ido, ya ce, "Mun kai rijiya? A ce ma direba ya tsaya, bidon ruwa ya ƙare."

Baffan ne ya fara samun baki. Dogon tsoho ne, mai magana a hankali.

"Hajiya, mi munka yi maki? A gidanki za a yi mamu wannan? Tun kakanninmu ba a taɓa yi ba."

"Ba ku yi mani komai ba, Alhaji. Ɗanku ne ba ya cikin hankalinshi. Ciwon ya hau kai."

"Rana ce ta buge shi. A maida mashi rawaninshi."

"Ai shi ya bi ranar, don sanyi yake ji. Ku da ke zaune da shi tun safe, wa ya taɓa jikinshi?"

Ba wanda ya taɓa shi. Na kwance waya daga bakin zane na kira wani direban tasha da ya shekara goma yana cin tuwona, na ce ya bar duk abin da yake ya kawo mota ƙofar gidana. Maigidana ya matso yana raɗa mani in shiga gida don girman Allah, na kunyata shi ya isa. Na ce mashi kunya ba ta kashe kowa ba a gidanmu, shiru ne ya kashe, kuma ya san wanda nake nufi. Ya ja baya.

Mota ta iso, baffan ya tsaya tsakaninta da yaron.

"Ba inda za shi. Gobe suna. A ce uban ɗa yana kwance likita don masassara, surukuwa ta kwashe shi kamar jinjiri? Da wane ido za mu koma gida?"

Raina ya gama ɓaci. Na ce, "Alhaji, da idon da za ku koma da shi in kun ɗauki gawa. Ku bar shi nan ya kwana, gobe maraya za a raɗa wa suna. Na taɓa gani, a ɗakin uwata, kuma ranar ma dattawa ne suka ce a bari. Ku zage ni, ku ce ba ni da kunya, ku kai ni ƙara duk inda kuke so. Amma yaron nan zai shiga motar nan ko da ni kaɗai zan ja shi."

Na kama hannunshi guda na fara ja, kuma da gaske nake. Sai na ji motsi bayana. Ɗiyata ce, mai jegon kwana shida da ba a yarda ta leƙa ko zaure ba, ta fito da ɗan zane a ka. Ba ta dubi kowa ba. Ta duƙa ta ɗauki takalman mijinta, ta buɗe mota ta ajiye su ciki, ta koma gida. Abokanshi biyu suka dubi juna, suka tashi suka ɗauke shi. Baffan ya kauce. Da mota za ta tashi ya buɗe gaba ya shiga.

A likita, majo, wato babban ma'aikacin da muka tarar, ya soki yatsanshi ya ɗiga jini a 'yar roba. Ba a jima ba ya nuna mani layi biyu, ya ce palu ne, mai tsanani. Ya tambayi kwana nawa, na ce huɗu. Ya tambayi inda yake zaune, da na ce arewa, shekara shida, sai ya girgiza kai ya ƙwala wa abokan aikinshi kira. Suna ɗora shi a gado jikinshi ya sanƙare, ya fara fizge-fizge, ido ya juye. Baffan da ke bakin ƙofa ya dafe bango yana salati. Aka yi allura ta jijiya, aka ɗaura ƙarin ruwa. Na tare majo na ce ya faɗa mani gaskiya, zai tashi? Ya ce, "Inna, mun yi namu, za mu ci gaba da yi. Ki yi addu'a." Ban ji daɗin amsar ba, amma na gode mashi da bai yi mani ƙarya ba.

Uwar surukina tana ƙauye, ruwan da ya sauka daren nan ya yanke hanya. Matarshi tana jego. Abokai maza ne, su iya ɗauka su iya ajiyewa, amma ba su san riƙon majinyaci ba. Saboda haka ni na zauna. Ni na tara mashi kwano in zai yi amai, ni na jiƙa tsumma ina goga mashi a goshi da wuya, ni na juya shi, ni na kore mashi ƙuda. Rawanin na ninke na sa ƙarƙashin matashi. Washegari aka raɗa suna ba uba ba kaka, tuwon da na tuƙa wasu suka raba. Mata suka zo dubiya daga gidan sunan, 'yan uwanshi na cikin gari, suka tarar da ni zaune bakin gadon ina share mashi baki. Ɗaya ta ce da 'yar uwarta, da ƙarfi don in ji, "Yau mun ga abin da ya fi ƙarfin ido." Na ce mata ta matso ta karɓi kwanon aman, in ba za ta iya ba ta matsa mani daga haske. Ta matsa.

Baffan yana waje bisa buzunshi ƙarƙashin wata itaciya, ba ya shiga sai na fito, ba na fita sai ya kau da kai. Kwana biyu ba mu yi magana ba. Ban nemi ya ce na yi daidai ba, kuma bai ce ba, har yau ma bai ce ba. Abin da nake so ba a bakinshi yake ba, yana kan gadon nan, yana numfashi sama-sama, ana kiran shi ba ya amsawa. Duk sanda na dubi fuskar sai in ga ta yayana. Na yi kuka a wurin, ba zan ɓoye ba, amma sai na tabbata ba mai ganina.

Safiya ta uku, rana ta ɗan ɗaga, ina zaune ina fifita shi da murfin kwano, sai na ga gumi ya tsattsafo mashi a goshi. Na taɓa, jikin ya yi sanyi. Na riga na san sanyin ƙarya na palu, don haka ban yarda ba, na ci gaba da fifita. Can ya buɗe ido. Ya dubi rufin ɗaki, ya dubi robar ruwan da ke rataye, ya bi ta da kallo har hannunshi. Sannan ya juyo ya dube ni.

Na tsaya ina jiran in ji ko zai sake tambayar rijiya.

Idonshi ya tsaya a kaina kamar ƙiftawa biyu, sai ya kau da shi da sauri ya maida bango. Hannun da ba allura ya ɗago, ya shafa haɓa, ya shafa baki, ya ji ba komai a wurin. Ya shiga lalube, gefen gado, bisa ƙirji, ƙarƙashin kai. Da bai samu ba, ya kamo bakin zanen gado da yatsa biyu, yana ja da ɗan ƙarfin da ya rage mashi, har ya rufe hanci. Daga ƙarƙashin zanen na ji wata 'yar murya.

"Ina kwana, Inna."

Sau ɗaya ya faɗa, bai maimaita ba.

Na zaro rawanin daga ƙarƙashin matashi na ajiye inda hannunshi zai kai, ban bari yatsana ya taɓa shi ba. Na gyara lulluɓina, na juya mashi baya yadda surukuwa ke yi, na ce da bango, "Lafiya lau. A ce mashi sannu da jiki."

Na fito waje. Baffan ya ɗago kai, ya ga fuskata jiƙe, ya miƙe tsaye carbi ya faɗi daga hannunshi.

Na ce, "Ku shiga, Alhaji. Ɗanku ya farka, yana jin kunyata."